Shin sassaƙen arjuna na Indiya zai buɗe ƙofar zuciyar da ta tsuke?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 71. 'Yan watannin nan da ya ɗan yi tafiya sai haki, kuma akwai ranar da jiri ya kwashe shi ya faɗi a hanyar masallaci. An yi masa hoton zuciya na eko, aka ce ƙofar da jini ke bi ya fita zuwa babbar jijiya ta tsuke, faɗinta ya koma 0.8, sai an yi aiki an canja ta. Baba ya ce shi kam ba mai tsaga masa ƙirji. Wani abokina da ya yi karatu a Indiya ya haɗa ni da masu maganin gargajiyarsu na Ayurbeda, suka ce akwai sassaƙen arjuna da ƙaron gugul da wasu haɗe-haɗe, in ya sha na wata shida ƙofar za ta buɗe ba sai an yi aiki ba. Har takardun gwajin waɗanda suka ce sun warke sun turo mini. Mu gwada ne, in bai yi ba sai mu koma maganar aikin?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ko akwai sassaƙen da zai buɗe wannan ƙofa, da kuma ko Baba yana da wata shidan da za a yi gwaji a ciki. Duka biyun amsata a'a ce, kuma ta biyun ta fi tayar mini da hankali. Bari in faɗi dalili filla-filla, domin na san kai ma sai ka je ka yi wa Baba da 'yan'uwanka bayani.

Abin da ya sami ƙofar

Zuciya tana da ƙofofi huɗu. Wadda ake magana a kanta tana bakin ɗakin hagu na ƙasa, inda jini ke fita ya shiga awota, babbar jijiyar da ke raba shi ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran jiki. Fallaye uku gare ta, sirara, masu laushi, suna buɗewa su rufe a kowane bugu. A jikin babba mai lafiya faɗin buɗewarta murabba'in santimita 3 zuwa 4 ne. In ya sauka ƙasa da 1 muna cewa tsukewar ta yi tsanani. Na Baba 0.8 ne, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata.

Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan. Akwai na shekaru, inda sinadarin kalsiyam ke taruwa a cikin fallayen sannu a hankali. Akwai waɗanda aka haifa da falle biyu maimakon uku, mutum ɗaya zuwa biyu a cikin kowane 100, su kuma ƙofarsu takan ƙage da wuri, tun suna shekara 50 ko 60. Sai na uku wanda mu da Indiyawa muka fi Turawa saninsa: ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba, ya koma zazzaɓin gaɓɓai, ya bar tabo a ƙofofin zuciya. Mai shekara 71 na farko ko na biyu ya fi yiwuwa a gare shi.

Kalmar "taruwa" takan sa mutane su zaci wani datti ne ya liƙe a saman ƙofar, wanda za a iya sha masa magani ya wanke. Ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin halittar da ke cikin fallen ne ke sauya hali su fara aiki irin na masu gina ƙashi, har a wasu ƙofofin da aka cire akan tarar da ƙashi na gaske. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan ƙofa bayan an fito da ita daga ɗakin tiyata ya san tauri gare ta, da gurji-gurji, tana ƙaras-ƙaras in aka taɓa ta da ƙarfe. Maganin da zai narkar da wannan ta cikin jini ba zai bar ƙasusuwan mutum da haƙoransa lafiya ba.

Zuciya kuwa ba ta zauna ba. Tana ƙara kauri don ta iya tura jini ta wannan 'yar kafa, kuma takan yi shekaru tana haka mutum bai san komai ba. Ranar da alamu suka bayyana, to ta fara gazawa ke nan. A 1968 likitoci biyu a Amurka, John Ross da Eugene Braunwald, suka nuna abin da har yau ake koyar da ɗalibai: in ba a canja ƙofar ba, wanda ya fara ciwon ƙirji yakan yi kimanin shekara 5, wanda ya fara suma shekara 3, wanda zuciyarsa ta fara kasawa da haki da kumburi shekara 2. Rai a hannun Allah yake, waɗannan kuma matsakaitan alƙaluma ne, ba hukunci a kan kowa ba. Amma Baba yana da biyu daga cikin alamun uku. Wata shida ba ƙaramin kaso ba ne a irin wannan lissafi, ga shi kuma mutuwar fuju'a na cikin haɗarin ciwon da zarar alamu sun fara.

Me Ayurbeda ta zo da shi

Ba na raina Ayurbeda. Tsohon ilimi ne mai littattafai da makarantu, gwamnatin Indiya ma ta kafa masa ma'aikata ta musamman a 2014 tare da sauran hanyoyin maganinsu na gargajiya. Magabatansu irin su Charaka da Sushruta sun yi rubutu a kan ciwon zuciya, sun kasa shi gida-gida bisa fahimtarsu ta cewa jiki yana tafiya ne a kan daidaiton abubuwa uku da a harshensu suke kira vata da pitta da kapha. Sun siffanta ciwon ƙirji da haki da suma da kyau. Sai dai alamu suka siffanta. Ba su da na'urar da za ta nuna musu cewa hakin wannan daga toshewar jijiya ne, na wancan daga raunin tsokar zuciya, na ɗayan kuma daga ƙofar da ta ƙage. Saboda haka in mai sayar da magani ya ce maka an yi shekara dubu ana maganin tsukewar ƙofar awota da arjuna, ya ɗora wa magabatan nasa maganar da ba su yi ba. Wani abin da ba sa faɗa kuma shi ne, Sushruta kansa likitan fiɗa ne, kuma ilimin nasu ya raba cututtuka zuwa masu warkewa, da waɗanda sai dai a lallaɓa, da waɗanda magani ba ya yi musu. Tun asali sun yarda akwai ciwon da sai wuƙa.

Arjuna itace ce babba da ke fitowa a bakin rafuka a Indiya, 'yar dangin baushen da muka sani. Ɓawonta ake sassaƙowa, a daka a sha, ko a dafa shi da madara, ko a tsima shi. Wani malaminsu, Bagbata, shi aka fi dangantawa da fara ambatonta a maganin zuciya. An kuma gwada ta a asibiti, ba labari ba ne kawai. A 1995 an ba mutum 12 masu tsananin kasawar zuciya, aka ga hakinsu ya ragu. A 2002 an gwada ta a kan maza 58 masu ciwon ƙirji na toshewar jijiya, suka ƙara juriyar motsa jiki. Amma da aka yi gwaji mafi girma a babban asibitin koyarwa na AIIMS da ke Delhi, wanda aka buga a 2016, mutum 100 na tsawon mako 12, ƙarfin matsawar zuciyar waɗanda suka sha arjuna bai fi na waɗanda aka ba maganin bogi ba. Ka lura, duk waɗannan gwaje-gwaje a kan tsokar zuciya da jijiyoyinta ne. Ba ɗaya a cikinsu da ya shafi ƙofar da ta tsuke.

Gugul kuma ƙaro ne na wata itace 'yar'uwar dashi, ana tallarsa da sunan yana rage kitsen jini. A 2003 an gwada shi a jami'ar Fensilbeniya a kan mutum 103. Bai rage mugun kitsen ba, sai ma ya ɗan ɗaga shi, wasu kuma suka yi ƙuraje.

A ce ma ya rage ɗin. Nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, don kada ka zaci son kai ne irin na likitan asibiti. Mu ma mun yi wannan mafarkin da namu ƙwayoyin. Da aka ga farkon lalacewar ƙofar yana kama da yadda kitse ke lalata jijiya, sai aka sa rai magungunan kitse na sitatin za su tsayar da ita. Aka gwada a Sikotland a 2005, aka gwada a ƙasashen Turai a 2008 a kan mutum 1,873, aka sake a Kanada a 2010. Kitse ya sauka sosai, ƙofa kuwa ta ci gaba da tsukewa kamar ba a sha komai ba. Aka koma kan magungunan ƙashi a 2021, ba su yi ba. Aka gwada bitamin K2 a Denmak a 2022, shi ma haka. Har yau babu wani magani na sha, na kemis ko na sassaƙe, da aka tabbatar yana buɗe wannan ƙofa ko yana hana ta ci gaba da tsukewa. Da akwai, ni ne farkon wanda zai rubuta wa marasa lafiyata, don na san nawa ne a cikinsu ba su da kuɗin aiki.

Takardun waɗanda aka ce sun warke

Ban ga waɗanda aka turo maka ba, amma na saba ganin irinsu, kuma akwai hanyoyin da takarda ke ruɗin mutum ko da ba a yi ƙarya ba.

Faɗin ƙofa ba da ma'auni ake auna shi kai tsaye ba, lissafo shi ake yi daga wasu awo guda uku. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu wajen awon mafitar jini yana iya mayar da 0.8 ta zama 1.0. Mutum ɗaya, rana ɗaya, masu ɗaukar hoto biyu, sai ka ga lambobi biyu.

Na biyun ya fi haɗari. Eko yana auna gudun jinin da ke ratsa ƙofar da bambancin matsi tsakanin ciki da waje. Kamar yadda ruwa ke feshi da ƙarfi in ka danne bakin mesa da yatsa, haka jini ke ƙara gudu in ƙofa ta tsuke. Gudun mita 4 a daƙiƙa ko matsin da ya kai 40 alamar tsanani ce. To amma feshin yana raguwa ta hanya biyu: ko ka ɗaga yatsa, ko ruwan famfon ya yi rauni. In zuciya ta gaji ta daina turawa da ƙarfi, matsin zai sauka daga 50 zuwa 30, wanda bai sani ba ya ce an samu sauƙi, alhali ciwon ne ya kai wani mataki mafi muni. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka shigo da murna suna nuna mini irin wannan sauka bayan ya yi watanni yana shan haɗin da aka aiko masa. Da muka duba ƙarfin matsawar zuciyar sai muka ga ya faɗi ƙwarai, aikin da a da mai sauƙin haɗari ne ya koma babba.

Shi kansa jin sauƙin yana da bayani. Wanda aka ce ya daina gishiri, ya rage cin nauyi, ya huta, dole hakinsa ya ragu. Tsofaffi kuma gwanaye ne wajen rage wa kansu aiki ba tare da sun faɗa ba. Ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, ya koma salla a zaune, ka tambaye shi ya ce Alhamdu lillahi haki ya tafi. Shi ya sa ba na tambayar mara lafiya ko yana haki, sai in tambaye shi abin da yake yi bara wanda bana ya bari.

Inda maganin zai iya cutarwa

Zuciyar da ƙofarta ta tsuke ba ta iya ƙara yawan jinin da take fitarwa in an buƙata. Tana kuma bukatar ta cika sosai kafin ta matsa. Don haka duk abin da zai rage ruwan jiki ko ya saki jijiyoyi farat ɗaya yana iya kayar da mutum. A cibiyoyin Ayurbeda akwai tsarin wankin jiki da suke kira fancakarma, wanda ya ƙunshi sa amai, da sa gudawa, da ɗura ta dubura, wani lokaci da fitar da jini, ana kuma share fage da shafa mai da surace. Ga mai ƙofa 0.8 da ya riga ya taɓa suma, wannan kasada ce da rai. Haka nan namu na gida: maganin wankin ciki, surace mai zafi, ƙaho mai yawa. Sai kuma abin da ake jin nauyin faɗa, maganin ƙarfin maza, wanda sau da yawa ake cusa masa sinadarin da ke saukar da bugun jini. A samu wanda Baba ba ya jin kunyarsa ya faɗa masa.

Sai gurɓata. A 2004 wani likita a Boston, Robert Saper, da abokan aikinsa suka sayi magungunan Ayurbeda 70 a shagunan birnin, suka tarar 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asenik. A 2008 suka sake da guda 193 da aka saya ta intanet, aka samu kusan kashi 21 cikin 100. Wani ɓangare na wannan ba kuskure ba ne, akwai reshen Ayurbeda da ke sa tokar ƙarafa a magani da gangan, kuma a irin waɗannan kason ya kai wajen 40 cikin 100. Ƙodar ɗan shekara 71 ita ake dubawa kafin a amince a yi masa aiki, bai kamata a jefa ta cikin wannan ba.

Haɗe-haɗen ma sai an san abin da ke ciki. Saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus tana yawan shiga haɗinsu, tana ɗaga hawan jini, tana riƙe ruwa, tana zubar da sinadarin fotasiyam, wanda ke rikita bugun zuciya. Ashwaganda, wata saiwar tasu, an samu waɗanda ta taɓa wa hanta. Tafarnuwa da kurkum da citta a miya ba laifi, amma a ƙwaya mai ƙarfi suna iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin asfirin ko wafarin. Tsimin arjuna da ake kira arjunarishta kuwa da inabi da mazarƙwaila ake tsima shi har ya yi barasa a cikinsa. Na san Baba zai so a faɗa masa wannan kafin ya kai baki.

Tsoron da Baba yake ji

Tsoronsa ba wauta ba ne, kuma ina ganin nan ya kamata ƙoƙarinku ya koma. Abin da ya ƙi shi ne a tsaga masa ƙirji, to ba ita kaɗai ce hanya ba yanzu. A watan Afrilun 2002 wani likita Bafaranshe, Alain Cribier, ya sa wa mutum sabuwar ƙofa ta cikin jijiya a garin Rouen na Faransa ba tare da buɗe ƙirji ba. Ana kiran aikin TAVI. Yawanci ta jijiyar matsematsi ake zura siririn bututu, a kai sabuwar ƙofar a naɗe, a buɗe ta a cikin tsohuwar. Da yawa sukan tashi su taka washegari. A gwajin da aka buga a 2010 a kan tsofaffi 358 da ba za su iya jure babban aiki ba, kusan kashi 51 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba sun rasu cikin shekara guda, waɗanda aka yi wa kuwa kusan 31. Yana da nasa haɗarin, akwai shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma sai an sa musu batirin zuciya daga baya, ga tsada, ta fi ta aikin buɗe ƙirji nesa. Ba kowace ƙofa ce kuma ta dace da shi ba, sai an yi hoton CT an auna.

Aikin buɗe ƙirjin ma ba yadda ake zato yake ba. Ga mai shekara 71 da ƙodarsa da huhunsa ke lafiya, mafi yawa ƙwarai suna tashi lafiya su koma harkarsu. A shekarunsa ƙofar nama aka fi zaɓa, wadda kan yi shekara 10 zuwa 15 ko fiye, ba ta kuma bukatar shan wafarin har abada kamar ta ƙarfe. Ana yin ta da fatar zuciyar saniya ko da ƙofar alade, kuna da damar ku ce ta saniya kuke so. Ana wannan aiki a Najeriya, tun 1974 aka fara aikin buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu. In kuma Indiyar kuka nufa, ita ma ƙasar Ayurbedar cike take da asibitocin da ke canja ƙofar zuciya kullum. Kuɗin da za a zuba a magani na wata shida da kuɗin aikowa gara a tara su a nan.

In wani ya kawo muku maganar buɗa ƙofar da balan-balan, tana amfani ga yara da matasa, amma a tsoho takan sake tsukewa cikin wata 6 zuwa 12. Sai dai a yi ta don a samu a kai ga babban aikin.

Ban duba Baba ba, lamba ɗaya kawai ka ba ni, don haka ba zan ce ga aikin da ya dace da shi ba. Ka koma wurin likitan da ya gan shi cikin makon nan, ku tafi tare da Baba da wanda yake jin maganarsa a gidan. Ka tambayi gudun jinin, da matsin, da ƙarfin matsawar zuciyar, da ko falle biyu ne ko uku, domin in biyu ne kai da 'yan'uwanka ma ya kamata a yi muku eko. A duba haƙoransa, don ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta zuwa ƙofar, kuma sai an gyara shi kafin aiki. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya yi saurin miƙewa daga sujada ko daga kwance, azumi kuma sai da shawarar likitansa. Maganin hawan jini ko na fitsari kada a ƙara kada a rage da ka.

In duk da haka ya nace sai ya sha arjuna, ba zan yi faɗa da shi a kai ba, muddin ba a ɗaga ranar aiki saboda ita ba. Ya zama ɓawon ne zalla ba haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, babu tokar ƙarfe, a kai wa likitansa kwalbar ya gani, a kuma daina mako biyu kafin aiki. In ya sake suma, ko ƙirji ya riƙe shi yana zaune, ko ya kasa kwanciya saboda numfashi, a wuce da shi sashen gaggawa a daren, kada a jira ranar ganin likita.